Muryar Shugaba A Aljihun Kowa: Abin Da Muka Gani A Zamanmu Na Legas

Duk wanda ya taɓa riƙe wani muƙami a cikin al'ummarmu ta Hausawa mazauna Legas ya san wahalar isar da saƙo. Mutanenmu a warwatse suke: Agege, Mile 12, Idi-Araba, Obalende, Alaba Rago, Apapa, har Ikorodu. Mai kayan gwari tun kafin asuba yana kasuwa, maigadi da rana yake barci, direban tirela kuwa yana iya kwana uku a layin shiga tashar ruwa. In an kira taro, cunkoson hanya ya hana rabin jama'a zuwa. In an rubuta takarda, wani ajami ya iya, wani kuma ya iya bokon amma ba shi da lokacin zama ya karanta. Wannan ne ya sa muka koma ga murya.

Mu dama mutanen kunne ne. Tun zamanin da sanƙira ke zagaya gari da shelar sarki, da baki saƙon shugabanni ke isa ga talakawa. Da rediyo ta zo, sai ta tarar da al'adar a shirye. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962, Muryar Amurka ta buɗe sashen Hausa a 1979, ita kuma RFI Hausa a nan Legas ta kafa ofishinta a 2007. Waɗanda suka manyanta a cikinmu suna tuna lokacin kaset, yadda ake sayen tafsirin malamai a tasha a saurara har kaset ɗin ya tsinke, da yadda mutum zai naɗi muryarsa ya ba direba ya kai wa iyayensa gida. Abin da ake kira fodkas a yau jikan wannan ne: shiri ne na murya da ake naɗa a ɗora a intanet, kowa ya saurara lokacin da ya samu sarari. Jaridar Aminiya na da irinsa, wato Najeriya A Yau da Daga Laraba.

Namu bai kai nasu tsari ba. Waya ɗaya ce da ɗaki mai kafet da labule, sai a jira a kashe janareta. Duk daren Alhamis shugaba ko wakilinsa ya zauna da mai gabatarwa, a naɗi minti goma zuwa sha biyu, a tura zaurukan WhatsApp kafin Juma'a. Mun zaɓi gajarta saboda data, kuma saboda mai tura baro ba zai ba ka awa guda ba. Masu ƙananan wayoyi ana tura masu ta bulutut ko a zuba masu a memori wurin masu cajin waya.

Babban abin da muka lura da shi shi ne umarni tsirara ba ya zama a kunne, labari ne ke zama. In shugaba ya ce, "Kowa ya riƙa karɓar rasit in ya biya kuɗin haya," an ji, an wuce. Amma in ya ba da labarin wani bawan Allah, ba tare da kama suna ba, wanda ya biya kuɗin shago na shekara biyu hannun dillali babu ko ƙyallen takarda, bayan wata uku mai gida ya zo ya ce shi bai ga sisi ba, to washegari za ka ji ana maimaita labarin a wurin mai shayi. Wanda bai saurari shirin ba ma zai ji shi daga bakin wanda ya saurara.

Wannan ba mu muka fara gano shi ba. A watan Maris na 1933, lokacin da bankunan Amurka ke rufe mutane na tsoron kuɗinsu ya salwanta, Shugaba Roosevelt ya shiga rediyo ya yi wa jama'arsa bayani cikin harshe mai sauƙi kan yadda banki ke juya kuɗin da aka ajiye da kuma dalilin rufewar. Da aka buɗe bankunan, mutane suka riƙa mayar da kuɗinsu. Bai tsawatar ba, bayani ya yi kamar mai hira da iyalinsa.

Mu ma mun ga ranakun da ake buƙatar irin wannan bayani. Ranar 1 ga Yuni 2022 gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida: Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland. Yaranmu da yawa da babur suke ci, wasu ma bashi suka karɓo shi. Abin da suke buƙata shi ne wanda suka yarda da shi ya lissafa masu inda aka hana da inda ba a hana ba, ya faɗa masu gaskiya cewa in aka kama babur da wuya ya dawo. Haka a farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, da aka matsar da wa'adi daga 31 ga Janairu zuwa 10 ga Fabrairu, daga baya Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin takardun su ci gaba da aiki. Mai dabbobi da ke riƙe da tsabar kuɗi yana buƙatar ya ji daga bakin wanda ya sani, da harshensa, a ranar da abin ya canza.

Inda murya ta fi nauyi shi ne lokacin fitina, Allah Ya kiyaye. Ba mu manta Shagamu a 1999 ba, da Idi-Araba a 2002, da Mile 12 a 2016, da kasuwar Shasha ta Ibadan a Fabrairun 2021. Saɓani tsakanin mutum biyu kan zama faɗan ƙabila cikin 'yan awoyi, kuma jita-jita ce ke rura wutar. Yanzu da waya ke hannun kowa, mutum ɗaya da ba a san shi ba zai naɗi murya yana haki, ya ce ana kashe mu a wuri kaza, kafin la'asar ta isa Kano da Sakkwato. Wanda ya ga yadda labarin ruwan gishiri ya mamaye ƙasar nan a dare ɗaya lokacin Ebola a 2014, har wasu suka rasa rayukansu, ya san saurin ƙarya. Ranar da irin wannan ta taso, muryar da za a saurara ita ce wadda aka saba ji duk mako tana faɗin gaskiya a kan ƙananan abubuwa. Shugaban da bai taɓa magana da jama'arsa ba sai ranar tashin hankali, baƙo ne a kunnensu.

Saboda haka muka kafa wa kanmu ƙa'ida. Kowane saƙo yana farawa da sunan mai magana, muƙaminsa, rana da wata da shekara, domin kada a ɗauko tsohon sauti a ce na yau ne. In batun rikici ne, a faɗi abin da aka tabbatar, a faɗi abin da ake kan bincikawa, a faɗi abin da ake son kowa ya yi, kuma a ambaci cewa an yi magana da baale da 'yan sanda in har an yi. Ba a kama sunan wata ƙabila da laifin mutum ɗaya. Magana zarar bunu ce, wadda aka naɗa kuwa ta fi, domin maƙwabtanmu Yarabawa da yawa suna jin Hausa, kuma sautin zai kai gare su. Cikakken shirin yana ajiye wuri guda, saboda ana iya yanke magana a juya ma'anarta, ga kuma manhajojin da ke kwaikwayon muryar mutum. Duk wanda aka turo wa guntun sauti, ya nemi cikakken kafin ya tura wa wani.

Akwai abubuwa biyu da muka rufe wa ƙofa: kirari da kamfe. Da zarar shiri ya koma wasa shugaba, ko tallar ɗan takara, rabin masu saurare sun tafi kuma ba za su dawo ranar da ake buƙatarsu ba. Abin da muke so shugaba ya yi da muryarsa shi ne ya karanto kuɗin da ya shigo asusu da inda aka kashe shi, nawa aka kai asibiti, nawa aka kashe wajen jana'iza. Adadin da mutum ya furta da bakinsa yana da wuya ya musanta shi gobe.

Sannan ba shugaba kaɗai ke magana ba. Mutane na aiko da tambayoyi ta saƙon murya, a saka su a amsa. Ta nan ne muka fara jin matan da ba sa zuwa taro, suna tambaya kan rigakafin yara, kuɗin makaranta da katin ɗan ƙasa. Sau ɗaya a wata muna zama da wani dattijo ya ba da tarihi: fataucin goro da shanu, yadda layin dogo ya isa Kano a 1911 ya haɗa Kudu da Arewa, yadda aka kafa Sabon Ibadan a 1916, yadda aka gina masallatan unguwanninmu. Kunne ya girmi kaka. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan, waɗanda Yarabanci da burokin suka fi sauƙi a bakinsu, suna jin Hausar kakanninsu, suna kuma gane cewa zamanmu a Kudu ba jiya ya fara ba. Dattawan nan kuwa kullum raguwa suke, wanda ba a naɗa ba ya tafi da nasa.

Murya ba ta maye gurbin ƙafa. Ta'aziyya, dubiya da sulhu tsakanin mutum biyu sai an je, zuwa da kai ya fi aike. Amma tsakanin taro da taro, bai dace jama'a su yi wata uku ba su ji daga shugabanninsu ba.

Muna kira ga 'yan uwanmu na Ibadan, Abeokuta, Benin, Onitsha da Fatakwal su gwada. Ku zaɓi rana ɗaya a mako ku riƙe ta, ku samu matashi mai amana ya kula da naɗi da ajiya, ku fara da minti biyar. Wanda ke son ganin yadda muke tsara namu ya yi magana da sakatare. Allah Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya ba shugabanninmu ikon faɗin gaskiya, amin.