Kalmomi Uku Daga Tushe Ɗaya

Akwai kalmomin Turanci guda uku da muke ji kullum a makaranta, amma ba mu cika tsayawa mu duba danginsu ba. Su ne "object", "objection" da "objective". Dukansu daga Latin suka fito, daga "ob", wato gaba, da "jacere", wato jefawa. Asalin ma'anarsu ke nan: abin da aka jefa a gaban mutum.

Idan ka ce "I object", ka jefa magana a gaban ta wani, ba ka yarda ba. Shi ne "objection" da lauya yakan tayar a kotu, shi ne kuma abin da fasto yakan nema a ikilisiya sa'ad da ya tambaya ko akwai mai dalilin hana aure. "Objective" kuwa fuska biyu gare ta. Ta farko, buri ne da ka sa a gabanka, kamar wanda mu malamai mukan rubuta a shirin darasi. Ta biyu, hukunci ne bisa ga abin da ke gabanka, ba tare da son kai ba. Abin da ya sa ake kiran tambayoyin zaɓi na WAEC da wannan suna ke nan, domin kowane ne ya duba takardar, maki ɗaya zai bayar.

Mun daɗe muna koyar da wannan, sai ga ranar da aka gwada mu. Bayan jarrabawar zango na biyu, wata yarinya ta zo ofishin malamai riƙe da takardarta, murya tana rawa, ta ce, "Malam, a yi haƙuri, ban yarda da makin nan ba." Ranmu ya ɓaci, muka ɗauka rashin kunya ne, har muka kusa korarta. Da muka sake lissafi, ashe maki shida muka tsallake, kuma su ne tsakaninta da faɗuwa. Kunya ta rufe mu. Muka gyara, muka roƙe ta gafara.

Ran nan muka gane kalmomin suna riƙe da juna. In burinmu yaran nan su koyi gaskiya ne, dole mu saurari mai ƙin yarda, mu kuma duba takarda, ba fuska ba. Saɓani ba gaba ba ne. A Ayyukan Manzanni sura 15, Bulus da Barnaba sun yi gardama mai zafi a kan Markus har suka rabu, amma daga baya Bulus da kansa ya aika a kawo masa Markus domin amfaninsa a hidima.

'Yan makaranta, in kun ga kuskure ku faɗa, amma cikin ladabi. 'Yan'uwa malamai, mu ba su kunne. Ubangiji ya taimake mu. Amin.