Daga Yamai zuwa Maraɗi: abin da sitiyari ke gaya wa matafiyi

Hanyar ƙasa ta ɗaya ita ce jijiyar Nijar ta kudu. Daga Yamai takan ratsa Kure inda raƙuman dawa ke kiwo, ta bi ta Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni da Madawa, kana ta isa Maraɗi bayan tafiyar fiye da kilomita 600. Hanya ce mai tsawo da zafi, mai ramuka a wurare da dama, kuma duk lahanin da mota ta ɓoye a cikin gari, a kanta yake bayyana.

Mun bi ta da iyali a cikin bazara. Muna wuce tsaunukan Dogon Dutsi sai mota ta soma karkata dama, kuma da gudu ya kai kilomita 90 sai sitiyari ya kama kakkarwa. Muka rage gudu, muka lallaɓa har Ƙonni, garin kasuwanci da ke dab da iyakar Illela, muka nemi wani dattijon makanike.

Ya saurare mu, sannan ya ce: "Malam, cuta biyu ce ka kawo, kowace da maganinta. Mu fara da mai araha."

Game da karkata, ya bari tayoyi suka huce, ya auna iska, domin taya mai ƙarancin iska takan ja mota zuwa gefenta. Adadin da ya dace yawanci yana rubuce a jikin ƙofar direba. Tun isowarmu kuwa ya riga ya kai hannu kusa da kowace ƙafa, saboda wadda ta fi sauran zafi alama ce ta burki da ya ƙi saki. Daga nan ya musanya tayoyin gaba, ta dama ta koma hagu. Idan karkatar ta sauya gefe, laifin taya ne. Idan ta tsaya inda take, sai a duba saitin ƙafafu, wanda ake kira parallélisme da Faransanci, kuma faɗawa rami ne ke yawan ɓata shi. Ya ƙara da cewa ƴar karkata kaɗan zuwa dama ba aibi ba ce, don ana gina kwalta da gangare saboda ruwan sama.

Game da kakkarwa, tambayarsa ita ce a ina ake jin ta. Ta sitiyari tana nuni ga ƙafafun gaba, ta kujera kuwa ga na baya. Wadda ke zuwa kawai idan an taka burki, faifan burki ne ya lanƙwashe. Wadda ke zuwa da gudu, galibi nauyin ƙafa ne bai daidaita ba: ko ƴar dalmar da ake maƙalawa ta faɗi, ko ƙarfen da taya ke zaune a kansa ya lotsa, ko busasshen laka ya manne a ciki.

Da ya ɗaga tamu da jak ya juya ƙafar dama, sai ga kumburi a gefen taya ta ciki, inda ido ba ya kaiwa. Zaren cikinta ya tsinke. Irin wannan ba ta facuwa, kuma kan kwalta mai zafi tana iya fashewa ba tare da gargaɗi ba. Aka sauya ta, aka daidaita nauyin ƙafafun, cuta biyun suka tafi tare.

Daga Ƙonni hanya takan bi ta Malbaza mai masana'antar siminti, da Galmi da albasarta ta shahara har ƙasashen gaɓar teku, inda manyan motoci ke tafe da lodi, suna bar wa ƙaramar mota ɗan fili. A irin wannan wuri, motar da ke karkata haɗari ce ga na ciki da na waje.

Saboda haka muna jan hankalin magidanta masu shirin tafiyar sallah ko biki: ku auna iska da safe kafin tashi, ku shafa gefen tayoyi ciki da waje, ku kuma karanta lambobi huɗu da ke jikin taya, musamman ta hannu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Waɗanda ke zaune a kujerar baya amana ce a hannunku. Allah ya kai kowa gida lafiya.