Gefen da Ba Mu Waiwaya



Da Baba, wani dattijon ikkilisiyarmu a nan Jabo, ya kamu da shanyewar ɓarin jiki, mu matasa muka riƙa zuwa duba shi bi da bi. Abin da muka gani ya ɗaure mana kai. In an kawo tuwo, sai ya cinye na dama, ya bar na hagu, ya ce bai ƙoshi ba. Wanda ya zauna a damansa ya sha hira, na hagu ko sannu ba ya samu. Wasunmu har suka ɗauke ƙafa, wai Baba yana gaba da su.

Da muka raka shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, likita ya ce ya zana agogo. Baba ya cusa 1 zuwa 12 duka a gefen dama. Aka ba shi layi ya raba biyu, ya sa alama can wajen dama. Ashe idonsa lafiya lau. Ciwon ya taɓa ɓangaren dama na ƙwaƙwalwarsa ne, sai hankalinsa ya daina kula da hagu, shi kuwa bai san ya rasa komai ba. Kunya ta kama mu.

Aka koya mana abin yi. Yanzu a hagunsa muke zama, mu kira shi har ya juyo. Mun ja jan layi a gefen hagu na Littafinsa Mai Tsarki, sai ya nemo layin kafin ya fara karatu. Sannu a hankali yana samun sauƙi.

Wannan ya tuna mana da Luka 10. Firist da Balawi ba makafi ba ne, sun ga mai raunin, suka ratse ta wancan gefe. Na Baba ciwo ne, ba laifi ba. Namu fa? Wace gwauruwa ce, wane ɗan'uwa ne ya daina zuwa sujada, ba mu ko lura ba? Mu ma sai an kira mu kafin mu juyo.

Ya Ubangiji, ka juyo da fuskokinmu wajen waɗanda muka manta. Ka ƙara wa Baba lafiya. Amin.