Yadda Ake Tare Iskar Hunturu

Gwiwa gari ne a ƙasar Kazaure, cikin Jihar Jigawa, kusa da iyakar Jihar Katsina. Yawancin mutanenta manoma ne, suna noma gero da dawa da wake da gyaɗa. Kowace shekara in an gama girbi, watau wajen watan Nuwamba, sai iska ta juya, ta riƙa busowa daga arewa maso gabas. Ita ce iskar hunturu. Daga hamadar Sahara take fitowa, ba ta ɗauke da laima, sai ƙura. Da yawa daga ƙurar nan tana tasowa ne daga wani kwari da ake kira Bodele, a ƙasar Chadi. Dā wurin nan ƙarƙashin ruwan tafki yake, amma ya daɗe da bushewa. In ƙurar ta iso ta rufe sama, shi ne ake ce an yi hazo.

A watan Disamba da Janairu ɗari yakan tsananta. Da tsakar ranar bazara ma'aunin zafi yakan kai digiri 40, amma da asubar hunturu yakan sauko ƙasa da 15. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, mura da tari su kama yara.

A lokacin nan ne Fulani makiyaya sukan sauka a gonaki. Shanunsu su ci karmami, su bar wa mai gona taki. Shi makiyayi, gidansa tafiya yake yi tare da shi. Inda ya sauka, nan zai kafa bukka da sanduna da kara da zana. In abincin shanu ya ƙare, ya kwance ta, ya yi gaba. Irin wannan ɗaki ba shi da wuyar kafawa, amma kafofinsa suna da yawa.

Wata shekara wani makiyayi ya sauka a gonar wani tsoho a bayan garin Gwiwa, da shi da ɗansa da matarsa mai jego. Tsohon nan yana da jika, ɗan aji biyar a makarantar firamare. Kullum da yamma ana aiken yaron ruga sayen nono, har suka yi abota da ɗan makiyayin. Ran nan ya shiga bukka gai da mai jego, ya tarar jinjiri yana ta tari, iska kuwa tana ratso zana kamar a fili ake zaune. Ya komo gida ya gaya wa kakansa.

Tsoho ya ce, "To, abokina, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gobe Asabar, ba makaranta. Tanadi igiya, mu je mu gani."

Da gari ya waye suka tafi. Tsoho ya sa yaran biyu suka shiga bukka, suka jawo tufaniya, suka zauna cikin duhu. Ya ce, "Me kuka gani?"

Jikansa ya ce, "Kaka, ga haske nan tsilli-tsilli ko'ina."

Tsoho ya ce, "Duk inda haske ya shigo, ta nan iska take shigowa." Sa'an nan ya ba su gashin kaza, ya ce su bi gindin bukkar da shi sannu-sannu, inda ya kaɗa, akwai kafa a wurin. Ya gargaɗe su kada su kuskura su nemi kafar iska da ashana ko fitila a ɗakin ciyawa, gama hunturu lokacin gobara ne.

Suka kama aiki. Da fari suka kafa shingen karan dawa a arewa maso gabas da bukkar, domin iska ta fara karya ƙarfinta a jikinsa. Sa'an nan suka ƙara zana ta biyu a kan ta farin, suka ɗaure da igiyar kaba. Tsoho ya ce iskar da ta maƙale tsakanin zana da zana ba ta motsi, ita ce ke riƙe ɗumi, kamar yadda mutum yakan haɗa riga biyu da sanyin safiya. Bayan wannan suka tara ƙasa a gindin bukkar, suka kewaye ta duka, domin iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, ta ƙasa take rarrafowa. Suka kuma rataya tsohuwar tabarma a bayan tufaniya.

Ana cikin haka aka kira sallar la'asar. Tsoho ya tafi masallaci, ya bar yaran su ƙarasa ɗauri. Da suka gama suka sake shiga, suka ga saura haske a ƙololuwar bukka. Jikan ya ce, "Kaka ya manta da wannan." Ya sheƙa gida, ya kwaso buhunan leda na takin zamani. Suka farke su, suka lulluɓe bukkar tun daga sama har ƙasa, suka cusa tsumma a ƙololuwa. Ko ƙwayar haske ba ta saura ba. Suka rabu suna murna.

Da dare ya yi, mai jego ta cika kasko da gawayi, ta shiga da shi, ta ja tufaniya, ta kwanta da jinjirinta. Makiyayin da ɗansa suna waje a bakin wuta, kusa da shanu. Can tsakar dare ya ji jinjiri yana ta kuka, ba a rarrashe shi ba. Ya kira matarsa, ta amsa da ƙyar. Ya fizge tufaniya ya shiga, ya tarar ta kasa tashi, tana cewa kanta kamar zai rabe, jiri yana ɗibarta. Maza ya fitar da su sarari, ya lulluɓe su da bargo, ya aiki ɗansa ya tashi tsoho. Aka sami mai babur, aka kai su asibiti tun kafin asuba. Allah ya kiyaye, duka biyu suka warke.

Jikan tsoho ya wuni bai ci abinci ba. Da yamma ya je ya durƙusa gaban kakansa, ya ce, "Kaka, ni ne na toshe saman."

Tsoho ya ce, "Tashi, abokina. Ni ke da laifi, da na koya maka rabin aiki na tafi. Ban manta da kafar nan ba, da gangan na bar ta. Ɗaki ma numfashi yake yi kamar mutum." Suka tafi tare suka yaye ledar, suka zare tsumman.

Ran Litinin yaron ya ba malaminsu labari. Malam ya tara ajin, ya ce, "Ku saurara, yara. Wuta tana cin iskar oksijin, wadda mu ma ita muke shaƙa mu rayu. In gawayi yana ci a ɗakin da aka rufe ruf, bai sami isasshiyar iska ba, sai ya yi ta fid da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Jinin mutum kuwa yana kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sau 200, ko fiye. Alamarta ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da kasala. Mai barci yana iya wucewa bai farka ba. Janareta da injin mota ma suna fid da ita."

Sa'an nan ya nuna musu hoton wata babbar mota mai gado da wurin girki a ciki. Ya ce, "A Amurka da Turai akwai masu yawon buɗe ido da irin wannan mota. Su ma gidansu tafiya yake yi tare da su, kamar makiyaya. Sanyin can kuwa har ruwa yakan daskare. Sukan liƙe gefen taga da na ƙofa da roba, su rataya labule mai kauri. Amma masu ƙera motar sukan bar 'yar taga a rufinta, su kuma sa wata na'ura mai ƙara in gubar nan ta taru."

Malam ya rubuta abu uku a allo. A toshe ƙasa da gefe, a bar kafa a sama. A ɗumama ɗaki, amma a fid da kasko waje kafin a kwanta. In wani ya ji ciwon kai ko jiri a ɗakin da ke da wuta, a buɗe ƙofa, a fitar da shi, a kai shi asibiti.

Makiyayin ya zauna a gonar har watan Fabrairu. Ran da zai tashi ya ba yaron man shanu a 'yar ƙwarya, ya kwance bukkarsa, ya nufi kudu. Tun daga shekarar nan, in hunturu ya kama, yaron ne ke zaga ɗakunan gidansu da gashin kaza. Shi ne kuma ke fid da kaskon kakarsa kowane dare kafin ta yi barci.

Tambayoyi

1. Daga ina iskar hunturu take busowa?
2. Ta yaya ake gane kafar da iska ke shigowa?
3. Don me aka tara ƙasa a gindin bukka?
4. Wane kuskure yaran suka yi?
5. Faɗi abu uku da malam ya rubuta a allo.