Mu 'Yan Makarantar Telebijin

In ka tambayi yaron yau amfanin telebijin, zai ce maka kallon ƙwallo da wasan kwaikwayo. Amma a ƙasar Nijar ba ta wannan ƙofa telebijin ta shigo ba. Ta ƙofar makaranta ta shigo, mu kuwa muna cikin yaran da aka fara gwada ta a kansu. Yanzu mun yi furfura, waɗansu kuma sun riga mu gidan gaskiya, saboda haka muka ga ya kamata mu ba ku labarin tun da sauranmu.

Sa'ad da Nijar ta sami mulkin kai a 1960, cikin yara ɗari ko biyar ba su zuwa makaranta. Ƙasa ga faɗi, malamai kuwa ba su taka kara sun karya ba. Sai gwamnatin Shugaba Diori Hamani ta shirya da Faransa a gwada wata dabara: a tara gwanayen koyarwa wuri ɗaya a Yamai, su shirya darasi, na'ura ta kai shi azuzuwa da yawa a lokaci guda. A 1964 aka fara da aji biyu kaɗai, kusa da ɗakin shirye-shiryen, waya ce ma ta ke kai musu hoton. A 1966 aka soma watsawa ta iska zuwa waɗansu azuzuwa ashirin a kewayen birnin. Duka duka yara wajen 800 ke nan. Wani Bafaranshe mai suna Max Egly shi ne shugaban aikin.

Tashar ƙarama ce ƙwarai. Hotonta ba ya wuce ƙauyukan da ke kusa da Yamai. Yaran Maradi da na Damagaram ko labarinta ba su ji ba a shekarun nan. Mu ma da mu ke Hausawa, don dai iyayenmu sun zo ciniki sun zauna cikin Zabarmawa ne muka dace da ita.

Ga yadda yini ya ke. Akwatin yana gaban aji a bisa, hotonsa fari da baƙi. Sau huɗu a rana a kan kunna shi, kowane darasi minti 14, wato duka bai cika awa guda ba. Da an kashe sai mushe ya ɗauka daga inda akwatin ya tsaya. Mushen nan kuwa ba babban malami ba ne. Saurayi ne da ya gama firamare, aka ba shi horo na 'yan watanni, ana aiko masa takardun da ke nuna abin da zai yi kafin darasi da bayansa. Ba lantarki a ƙauye, da batir akwatin ke aiki. A 1968 aka gwada faifan hasken rana a wata makaranta kusa da Yamai, daga baya ya yaɗu zuwa sauran. Masu sa sola a rufin gida yau suna tsammani sabon abu ne!

Abin da ya kama zukatanmu shi ne, mutanen cikin akwatin sun san mu. Jakin da mu ke gani irin namu ne, da tulu, da turmi, da kwalekwalen bakin kogi. In za a koya mana ƙidaya, da awaki da ƙwarya a ke yi. Akwai 'yan wasa masu ba da dariya, akwai 'yar tsana mai magana, akwai zane. Ba banza ba kuwa, gama masu shirya darussan su kan zo da mota su zauna a bayan aji, su duba inda muka yi dariya da inda muka yi hamma, sa'an nan su koma su gyara. Aji ashirin da biyu mutum yana iya zagaya su duka, ya san fuskokin yaran. Babbar tasha ba ta iya wannan.

Bulala ba ta da aiki a ajinmu, ba a kuma maimaita aji. Ba safai yaro ya kan gudu ba, a zamanin da iyaye da yawa su ke ɓoye 'ya'yansu cikin rumbu in an zo ɗaukar 'yan lakwal. Mun tashi da sakin baki, muna tambaya ba tsoro. Da muka shiga makarantun da ba na telebijin ba, waɗansu malamai suka ce mun cika surutu, rubutunmu kuma bai kai maganarmu ba. Da gaskiyarsu wajen rubutun. Wajen surutun kuwa, har yau ba mu yarda laifi ne ba.

Amma akwai abu ɗaya da ke ci mana tuwo a ƙwarya. Akwatin nan da ya san jakinmu da tulunmu bai san harshenmu ba. Tun ranar fari Faransanci zalla ya ke yi. Iyayenmu mata su kan leƙo ta taga a kan hanyarsu ta zuwa rijiya, su ga hoto, su yi murmushi, su wuce, ba su ji ko kalma ɗaya ba. Da yamma in inna ta ce, “Me aka koya muku yau?” sai yaro ya rasa yadda zai mayar mata da shi. Abin da aka koya da safe a makaranta ya ke kwana. Ku iyaye masu karatu, kun san nauyin wannan. Ga shi kuwa a 1964 ɗin nan da aka buɗe tashar, wani masani ɗan ƙasar, Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya fitar da littafi a kan ilimi a Afirka yana cewa a koyar da yara da harshensu. Sai a 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa a Damagaram, ita kuwa ba ruwanta da telebijin.

Tashar ta daɗe ba ta girma ba. Shekara da shekaru rukunin yara ɗaya ta ke bi daga aji zuwa aji, kuɗi da gwanaye kuma daga waje su ke zuwa. Malaman da suka yi cikakken horo da yawa ba su yi murna da ita ba, don sun ga an ba 'yan firamare aikinsu. A farkon shekarun 1970 aikin ya koma hannun gwamnatin Nijar, azuzuwa suka haura ɗari. Ƙasar Kwaddibuwa ma ta ɗauki dabarar a 1971, ta yi tata babba a Bouaké, bayan shekara goma da 'yan kai ta bari.

A 1979, zamanin Seyni Kountché, ga kuɗin yuraniyom ya shigo, aka kafa Télé Sahel, telebijin ta ƙasa duka, a kan harsashin tashar tamu. Aka daina darussan yara. A lokacin ne iyayenmu mata suka fara jin akwatin yana ba da labarai da Hausa da Zabarmanci, suna zaune a tabarma a dandali bayan cin tuwon dare. Ƙannenmu kuwa suka koma ga allo da alli.