Daga Beli zuwa tsaunukan Mbe

Da kaka na bi motar kawuna mai kai albasa Ikom, don in je ganin gwaggon biri a tsaunukan Mbe. Mun bar Beli bayan asuba, muka bi ta Zariya, Lafiya, Makurɗi da Gboko. Da muka shiga Kuros Riba sai sararin da na saba da shi ya ƙare, itatuwa suka rufe sama.

"Kai da ka taso cikin gonar rake, me ya haɗa ka da gwaggon biri?" in ji Kawu.

Na ce, "Kawu, a ƙasarmu yake, kuma ya kusa ƙarewa."

Na sauka a Kanyang, cikin ƙasar Boki, ɗaya daga ƙauyuka 9 da ke kula da tsaunukan Mbe. Wani mai gadin daji, tsohon maharbi, ya shige gaba. Hawan ya ci ƙafa. Birin kam bai yarda mun gan shi ba, don ya san ɗan Adam sarai. Abin da muka tarar makwancinsa ne, rassa da ganye da ya tanƙwara ya kwana a kai. Duk yamma sabo yake yi, da waɗannan makwantai ake ƙiyasta yawansu.

Masana sun kasa gwaggon biri jinsi biyu, na gabashin Afirka da na yamma, kowanne da reshe biyu. Namu reshe ne na na yamma, wanda Bajamushe Paul Matschie ya bayyana a 1904. Waɗanda suka rage tsakanin Najeriya da Kamaru ba su wuce 300 ba.

Maganar haihuwarsu ce ta fi tsaya mini a rai. Macen sai ta kai wajen shekara 10 take fara haihuwa. Cikinta wata takwas da rabi ne, ɗa ɗaya, nauyinsa kamar kilo 2. Tana rungume da shi a ƙirji, in ya yi ƙwari ya koma bayanta, ya sha nono wajen shekara 3. Sai bayan shekara 4 ko fiye ta sake haihuwa, idan ma na farin ya rayu. Shi ya sa mai gadin ya yi ta ba ni labarin hotunan 2020, da kyamarar da aka ɗaura a daji ta ɗauko garke da jarirai a baya.

Kuma uwar ba ta sakin ɗanta da rai. Jaririn da aka kamo daga daji aka sa a keji, galibi an kashe uwarsa. A nan abin ya taɓa mu mutanen Kano. A 2001 an ɗauki wani jariri a jirgi daga Najeriya, aka halaka shi a filin jirgin Alƙahira. A 2003 aka mayar da wasu biyu da aka ƙwace a Kano zuwa Limbe ta Kamaru. Masu wannan fatauci ta hanyoyinmu suke bi, a kasuwanninmu suke ciniki, kuma akwai masu gani su yi shiru.