Hoton Kwamando a kan kwali, wata mata a ciki

Tun da mahaifinmu ya baro Katsina ya kama rumfa a kasuwar Wunti, karatunsa gare mu ɗaya ne: abin da ka ɗora a saman mudu shi ne a ƙasa. Ina aji uku na sakandare na zari kuɗin ciniki a ɓoye na sayi faifan Red Sonja, fim ɗin 1985, saboda kawai na ga Arnold, Kwamandonmu, ya cika kwalin da takobi.

Ashe algus ne. Kwamando ɗan rakiya ne a ciki, sai ya leƙo ya sare mutum biyu ya ɓace. Mai fim ɗin Brigitte Nielsen ce, 'yar Denmark mai tallan tufafi da ba ta taɓa yin fim ba, tana magana kamar mai karanta rasit. Labarin kuwa, wai wani koren dutse ne da mata kaɗai ke iya taɓawa, muguwar sarauniya Gedren ta sace. Ga wani yarima ɗan ƙarami mai tsiwa, wanda da a gidanmu yake da tuni ya sha dorina. Kiɗan Ennio Morricone kam ban raina ba.

Turawan ma ba su yafe ba, don a Amurka fim ɗin bai mayar da rabin jarinsa ba.

Da Baba ya ƙirga kuɗi da daddare ya ga giɓi, na faɗi gaskiya. Ya juya kwalin, ya tambaye ni wane ne mai fim ɗin. Na nuna Kwamando.